Gudun asuba ba ya biyan bashin barci

Duk wanda ya bi ta gefen filin wasa na Janar Seyni Kountché bayan an sallame sallar asuba ya san cewa wani abu ya sauya a Yamai. A shekarun baya, idan ka ga mutum yana gudu da sassafe, to ko dai soja ne, ko ɗan ƙwallo, ko saurayin da ke shirin jarrabawar shiga aikin ɗamara. Yanzu kuwa za ka tarar da ma'aikacin gwamnati mai furfura, da ɗan kasuwar da tumbi ya fara yi wa nauyi, da mata biyu-biyu uku-uku cikin hijabi da takalmin roba, wasu suna sassarfa, wasu suna tafiya da sauri da carbi a hannu. Haka abin yake a bakin kogi ta wajen Yantala da Gamkalle, da kan gadar Kennedy inda ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni ke ƙetarowa daga Harobanda. Da yawa daga cikinsu likita ne ya turo su, bayan an auna jini an ga ya hau, ko an ga suga ya wuce ƙa'ida. Ina murna da wannan sauyi, kuma ina fatan ya ɗore.

Abin da ke damuna shi ne inda ake samo lokacin wannan gudu. Yinin mutumin Yamai a cike yake: aiki yana da lokacinsa, kai yara makaranta yana da nasa, kasuwa da gaisuwar mutuwa da suna da ɗaurin aure duk ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Hirar dare ma tana da masu kare ta, domin wanda ya yi kwana biyu bai leƙa fada ba, wato majalisar hira da shan shayi ta bakin titi, sai an bi shi har gida an tambayi ko lafiya. Barci ne kaɗai ba shi da mai tsaya masa, saboda haka shi ake yanka. Mutum ya kwanta ƙarfe 12 da rabi ko ƙarfe 1 na dare, ya tashi ƙarfe 5. A da yakan koma bayan salla ya rama awa guda, yanzu wannan awar ma ya ba gudu, kuma a ransa yana ganin ya yi wa lafiyarsa gata. A ra'ayina, gudun da aka saya da barci asara ne, kuma duk mai son ya shigar da gudu cikin rayuwarsa, lokacin kwanciyarsa ya kamata ya fara gyarawa tun kafin ya je neman takalmi a kasuwa. Ina kuma ganin wannan gyara ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin akwai hannun unguwa a ciki, da na masu ba da aiki, da na hukumar birni.

Ba na ja da amfanin gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin su tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, irin su gudu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya bi mutum fiye da 55,000 na kimanin shekara 15, ya gano cewa haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya ragu da kashi 45 cikin 100 a wurin masu gudu idan aka gwada su da waɗanda ba sa yi, kuma har masu yin minti 5 zuwa 10 kacal a rana, a hankali, sun samu babban rabo daga wannan riba. Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Minti 25 sau uku a mako ya cika mudun. Babu wata ƙa'idar lafiya da ta ce sai mutum ya yi awa guda kullum, balle ta ce ya ɗebo awar daga barcinsa.

Shi kuwa barci, ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun yi ittifaƙi a 2015 cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a kowane dare, samari da ƴan mata masu tasowa kuma an ƙiyasta musu awa 8 zuwa 10. Dalilin wannan adadi ya shafi cututtukan nan guda biyu da suka fitar da mutane gudu tun da fari. A 1999 masu bincike a jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 masu ƙoshin lafiya zuwa awa 4 na tsawon dare 6, sai aka ga saurin da jikinsu ke kwashe suga daga cikin jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ke nan mai ciwon suga da ya rage barci don ya samu lokacin gudu yana gini da hannu ɗaya, yana rushewa da ɗayan. Hawan jini ma haka ne: a cikin barci jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, zuciya da jijiyoyi su samu sararawa, kuma wanda ya gajarta dare ya gajarta musu wannan hutu. Sannan a cikin barci mai nauyi ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin da ke gyara tsoka da ƙashi, wato aikin da gudu ya ɗora wa jiki da safe, da dare ake kammala shi. Wani bincike na 2014 a kan ɗalibai ƴan wasa a Amurka ya nuna cewa masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran jin rauni da ninki 1.7. Manyan ƴan gudu sun daɗe da sanin haka. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a 2019, an san sansaninsu na Kaptagat da kwanciya da wuri da kuma barcin rana.

Amsar da na fi ji idan na kawo wannan magana ita ce, “Ni na saba, awa 5 ta ishe ni.” Wannan amsa ce ta fi ba ni tsoro, domin an gwada ta. A 2003 masu bincike a jami'ar Pennsylvania sun sa mutane barcin awa 6 kacal na tsawon mako biyu, suna auna hankalinsu da saurin amsawarsu kullum. A ƙarshen makon na biyu, aikinsu ya lalace har ya kai na mutumin da ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, amma da aka tambaye su, sai suka ce gyangyaɗi kaɗan kawai suke ji. Abin da mutum ke sabawa da shi shi ne jin gajiyar, ita kuwa ɓarnar tana ci gaba da taruwa ba tare da ya sani ba. Wani binciken na shekarar 2000 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 idonsa biyu, saurin amsawarsa yana daidai da na wanda giya ta fara taɓawa. Mu lissafa da kanmu: wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba, ya yi gudu, ya wuni aiki, sannan ƙarfe 11 na dare ta same shi a kan babur yana komawa Talladje ko Lazaret, ya yi awa 18 ke nan a farke, kuma yana raba hanya da manyan motoci.

Agogon Yamai yana da wani hali da ya kamata mai shirin gudu ya sani. Ƙasar Nijar duka lokaci ɗaya take bi, amma Yamai tana can yammacin ƙasar, don haka rana tana makara mana idan aka gwada da gabas. Mutumin Diffa yana ganin fitowarta kimanin minti 40 kafin mu. A watan Afrilu alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5 da rabi, rana ta fito wajen 7 saura minti 20, isha'i kuma ta shiga wajen 8 da kwata. Wanda ke son awa 7 kafin kiran salla, dole ƙarfe 10 da rabi ta same shi ya riga ya yi barci, wato yana da kimanin awa biyu bayan isha'i don cin abinci da hira da iyali. A watan Yuni alfijir yana matsowa kusa da ƙarfe 5, sai lokacin kwanciya ya dawo ƙarfe 10. A Janairu kuwa asuba tana kaiwa 6 da ƴan mintoci, rana ba ta fitowa sai wajen 7 da minti 20, alhali ofis da makaranta suna buɗewa ƙarfe 8. Wannan lissafi ya nuna cewa tsakanin sallame salla da fita aiki akwai wurin da gudun minti 25 ko 30 zai shiga ba tare da an taɓa barci ba, in dai an kwanta a kan lokaci. Mu a nan ba mu da matsalar da mutanen wasu ƙasashe ke kuka da ita, ta yadda za su saba da tashi da wuri, domin ladan ya riga ya ɗauke mana wannan nauyi. Matsalarmu tana can farkon dare.

Kuma ba baƙon tsari nake kira a ɗauko ba. An ruwaito daga Abu Barza cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin isha'i da kuma hira bayanta, kuma ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da hakki a kansa, idonsa ma yana da hakki a kansa. Idan ibada kanta ba a yarda ta cinye barci gaba ɗaya ba, ban ga yadda za a yarda wa karta da salula ba. A Suratun Nur an ambaci lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i. Rayuwar da ayar ta siffanta rayuwa ce da ake kwanciya bayan isha'i, a kuma yi ƙailula da rana. Kakanninmu a ƙauyukan Adar da Arewa da Gobir haka suka rayu, shi ya sa suka ce dare mahutar bawa.

To me ya cinye mana dare? Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora wa fada laifi, kuma tana da nata kason. Ɗan ƙanwata ya fara gudu don shirin jarrabawar shiga jandarma, ba a daɗe ba ya soma kukan ciwon ƙwauri da kasala. Wani dare bayan ƙarfe 11 na bi ta fadarsu. Suna zaune su bakwai ko takwas a kan benci da tabarma ƙarƙashin fitilar titi, ƙaramar buta shuɗiya tana kan murhun waya, mai haɗa shayin yana ɗaga ta sama yana tsiyayawa cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta tsaya. Na farko ke nan, mai ɗaci, na biyu da na uku suna tafe. Huɗu suna karta, sauran kowa fuskarsa tana haske da hasken salula. Na ja shi gefe na ce, “Kai da za ka fita gudu da asuba, me kake yi a nan har yanzu?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, ko na shiga ba barci zan yi ba. Kwano ya sha rana, ɗakin ba ya shiguwa kafin ƙarfe 1, kuma mu huɗu ne a ciki.”

Wannan amsa gaskiya ce, kuma duk mai yi wa samari wa'azin kwanciya da wuri ya kamata ya fara jin ta. Fada ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, lokacin da aikin yi ya yi ƙaranci, kuma ga saurayin da ba shi da ɗakin kansa ita ce zaurensa, nan yake jin labarin aiki, nan ake haɗa masa gudummawa in ya yi rashin lafiya, kuma a unguwanni da dama zaman samarin nan ne ke hana ɓarayi sakewa. Ba na cikin masu cewa a tashe ta. Abin da nake cewa shi ne a matso da ita gaba, a kuma duba abin da ke cikin buta. Ganyen shayin nan da ake tafasawa har ya yi baƙi yana ɗauke da sinadarin kafeyin mai yawa, shi kuwa kafeyin yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha na farko ƙarfe 11 na dare, ƙarfe 4 na asuba rabinsa yana nan yana aiki, kuma ko da barci ya ɗauke shi, ba zai yi nauyin da ya kamata ba. An gwada a 2013 an ga cewa kafeyin mai yawa da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Idan aka mayar da shayi mai ƙarfi bayan la'asar, aka bar wa dare na'ana'a da citta da kanumfari, zumunci bai ragu da komai ba. Daren da ake gasar zakarun Turai, wadda a lokacin sanyi ake farawa ƙarfe 9 a tashi wajen 11, wanda ya zaɓi kallo ya san cewa gobe ba ranar gudu ba ce, kuma babu laifi a haka.

Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar barci a wannan gari. Jikin ɗan Adam ba ya shiga barci sai zafin cikinsa ya ɗan sauka, kuma yana saukar da shi ne ta fata, zuwa iskar da ke kewaye da shi. A Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai yana kai maki 41 ko fiye, da dare kuma da kyar yake sauka ƙasa da 27 ko 28, a waje ke nan. Cikin ɗakin siminti mai rufin kwano ya fi haka nesa, domin bango yana amayar da zafin da ya sha har tsakar dare. Mun ga abin da rashin wuta ke yi tun daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na lantarki, ta yanke layi har zuwa farkon 2024, kuma mun ga zafin Afrilun 2024 da ya kai maki 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. A irin waɗannan darare sanyin da ake samu yana zuwa ne dab da asuba, wato daidai lokacin da barci ya fara daɗi shi ne lokacin da ake cewa a tashi a yi gudu. Saboda haka a bazara ina ganin hikima ita ce a rage buri: a watsa ruwa kafin a kwanta, a yayyafa wa tsakar gida ruwa a shimfiɗa a waje cikin gidan sauro, a sha ruwa sosai tun da dare, a mayar da gudun sau biyu ko uku a mako, a kuma gama shi kafin rana ta ɗaga. Daren da aka yi shi ana firfita da mafici har ƙarfe 2, komawa barci bayan salla ya fi wa jiki amfani a kan zagaya filin wasa.

A nan ne batun ƙailula ya shigo, kuma a nan ne nake da magana da masu ba da aiki. A da ma'aikaci yakan tashi da tsakar rana ya koma gida, ya ci abinci, ya kishingiɗa, ya dawo da yamma. Yanzu an koma wuni a ofis, kuma na san dalilin: gari ya faɗaɗa, wanda ke zaune a Koira Tegui ko Saga ba zai iya biyan kuɗin taksi sau huɗu a rana ba. Amma da aka ɗauke komawa gida, an haɗa da barcin rana an ɗauke, ba a kuma ba da wani abu a madadinsa ba, a ƙasar da zafi ke hana dare ba da barcin awa 7 cikin wata uku na shekara. Barcin minti 20 zuwa 30 bayan azahar yana dawo da hankali ba tare da ya hana barcin dare ba, in dai bai yi tsawo ba kuma bai kai la'asar ba. Ƴan kasuwa sun riƙe wannan al'ada, za ka ga mai shago ya ja labule ya miƙe a kan tabarma, babu mai ganin ragwancinsa. Ma'aikacin ofis ne kaɗai yake ɓuya in zai runtsa, ya kifa kai a kan tebur yana tsoron kada shugaba ya shigo. Ba a bukatar kasafin kuɗi kafin a gyara wannan. Ɗaki ɗaya mai inuwa da tabarmi, da shugaban da ya furta cewa minti 20 bayan sallar azahar halal ne, sun wadatar. Masu makarantu ma su tuna da ɗaliban da ke karatu ƙarƙashin fitilar titi har tsakar dare idan jarrabawa ta matso, domin abin da aka karanta a cikin barci yake zama a ƙwaƙwalwa.

Akwai waɗanda wannan kira na gudun safe bai shafe su ba, kuma ya kamata a faɗa. Ɗan ga-ruwa da ke tura kurar jarka daga safe zuwa yamma, da mai dako a kasuwar Katako, da mai lambu a bakin kogi, sun cika mudun motsa jiki na mako tun ranar Litinin. Abin da suka rasa hutu ne, kuma rashinsa ne ke tura wasu ga tramol don su danne gajiya su ci gaba. Mata kuma lamarinsu ya fi kowa wuya. Uwargida ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce ta farkon tashi, ta ɗora ruwa, ta dama koko, ta yi shara, ta shirya yara, idan kuma tana da goyo darenta a yanke yake gida uku ko huɗu. Alhali hawan jini da ƙiba ba su ƙyale ta ba. Wanda ya ce mata ta ƙara tashi da wuri don ta yi gudu ya ƙara mata kaya ne kawai. Maigidan da ke son matarsa ta motsa jiki da gaske, sai ya karɓi shirya yara da kai su makaranta kwana biyu ko uku a mako, ya ba ta wannan rabin awar ta fita da maƙwabtanta. Maza masu zaman bakin titi kuma su kame bakinsu idan mata sun wuce, domin habaici ɗaya ya isa ya mayar da mace gida har abada.

Ga wanda ke son farawa, shawarata ita ce ya fara da dare na mako biyu kafin ya yi taku ɗaya na gudu. Ya tsayar da lokacin kwanciya, ya riƙa matso da shi da minti 15 ko 20 duk bayan ƴan kwanaki har ya kai inda lissafin awa 7 ya nuna, ya ajiye salula nesa da shimfiɗa, ya shirya kayan gudunsa tun da dare don kada neman safa ya cinye masa minti 10. Sannan ya fara da tafiya da sauri yana haɗawa da sassarfa, gwargwadon yadda zai iya magana yana tafe, kuma wanda ya haura shekara 40 ko yake da hawan jini ko suga ya ga likita tukuna. Zai tarar cewa gudun da kansa yana taimakon barcin, domin hasken safiya da ke shiga ido yana gyara agogon jiki, ya sa barci ya riƙa zuwa da wuri da dare. A lokacin hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari har ba a hango ƙetaren kogi, mai asma da mai ciwon zuciya su zauna gida, sauran ma su sassauta. Wanda aikinsa bai bar masa safiya ba, irin su mai gadi da ma'aikacin jinya da direban dare, kada ya ɗauka ƙofa ta rufe masa. Bincike ya nuna motsa jikin yamma ba ya ɓata barci, sai dai idan mai tsanani ne kuma aka yi shi cikin awa guda kafin kwanciya. Tsakanin la'asar sakaliya da magariba lokaci ne mai kyau, kuma da azumi tafiya a hankali bayan an sha ruwa ta wadatar.

Saura hukumar birni. Yawancin masu gudu a Yamai a gefen kwalta suke yi, cikin duhun asuba, suna kauce wa babura da ramuka, suna shaƙar hayaƙin sharar da aka cinna wa wuta tun dare. Wanda ke zaune nesa da filin wasa sai ya hau babur ya yi tafiyar minti 20 kafin ya samu wurin gudu, ya sake yin 20 a dawowa, kuma waɗannan minti 40 daga barcinsa suke fita. Don haka kusantar da wurin gudu ga unguwanni taimako ne ga barci kai tsaye. Filayen makarantun gwamnati suna nan a kowace unguwa, a rufe daga asuba har zuwa lokacin da ɗalibai ke isowa, kuma yarjejeniya tsakanin shugaban makaranta da mai unguwa ta isa a buɗe su na awa guda. Hayaniyar dare ma aikin hukuma ce: lasifikar biki da ke tashi har ƙarfe 2 tana hana gidaje ɗari barci saboda murnar gida ɗaya, kuma sanya mata iyaka bai rage wa ango da amarya komai ba. Sannan ga dajin dogon yaro da aka fara shukawa a 1965 don ya kewaye gari ya kare shi daga iska da ƙura, wanda a yau gine-gine da juji suka ci wani babban sashe nasa. Abin da ya rage ya ratsa kusa da unguwanni masu cunkoso, inda talakawa suka fi yawa kuma wurin motsa jiki ya fi ƙaranci. Idan aka kwashe sharar, aka fitar da hanyar jar ƙasa ta kilomita biyu ko uku a cikinsa, aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana, aka sa masu gadi daga asuba zuwa hantsi, dubban mutane za su samu inda za su yi gudu da ƙafa daga ƙofar gidansu, su dawo kafin a gama dama koko.